Ɗigo Uku na Sabulun Uwar Kwalabe

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin ƙarfe takwas, matar da muke kira Uwar Kwalabe takan buɗe ɗakin gwajin ruwa, ta wanke kwalabenta da hannunta, ta jera su bisa tsawo. A wannan watan za ta yi ritaya. Ni ne akawun da ke buga sakamakonta a wancan zamani, kuma ni na taɓa rubuta mata takardar tuhuma saboda ta nemi a sayo wani sabulun ruwa na musamman, alhali ofishinmu ba gidan wanki ba ne.

Ta shigo da takardar a hannu. "Malam Akawu, ajiye hatimin nan ka biyo ni."

A teburinta akwai ruwan rijiyar burtsatsen unguwarmu, wadda ke bayan shagon masu fasa tsofaffin batura. Ta zuba sinadarin da ke sauya launi idan ya gamu da dalma, ƙarfen nan mai guba da ke cikin batura. Ruwa ya tsaya garau.

"Lafiya lau ke nan," in ji ni. "Haka na buga bara."

"Sinadarin nan ba ya shiri da ruwa, shi ya sa dalmar ke kuɓuce masa. Sabulun kuwa dunƙulewa yake yi ƙulli-ƙulli, ido ba ya gani. A cikin ƙullin sinadarin da dalmar suke haɗuwa. Duba."

Ɗigo uku na sabulun. Ruwa ya koma ja.

Na lalubi kujera. Da wannan ruwan ake haɗa wa jikata madara.

Shugaban ofis ya ce a jira kwamiti. Ta ce, "Ranka ya daɗe, dalma ba ta san kwamiti ba." Ta maimaita gwajin sau shida, ta sa hannu a kan sakamakon ita kaɗai, ta fitar da shi. Aka rufe rijiyar, aka auna jinin yara. Goma sha ɗaya suka kwanta asibiti, har da jikata. Duk sun tashi. Ita kuwa ƙarin girma ya tsallake ta, saboda tsallake kwamiti.

Uwar Kwalabe, ke ce wadda ba ta yarda da ruwa don ya yi haske ba. Mun gode, Allah Ya saka. Ku masu gadon teburinta, idan kwalba ta ce lafiya, ku sake tambayarta.

Makon jiya na roƙi a cire takardar tuhumar daga fayil ɗinta. Ta hana.

"Bar ta, Malam Akawu. Ita kaɗai ce takardar da ofis ya taɓa rubutawa a kan aikina."