Inda Baba Yake Kai Jirginsa

Akwai abin da ya faru a gidanmu a Madarumfa wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Wasan salula ne silarsa, kuma har yau in na tuna rawar da na taka a ciki sai jikina ya yi sanyi.

Mahaifinmu masunci ne, a tabki ya ƙarar da ƙarfinsa. Wata safiya bayan girbi ya faɗi a bakin zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Aka kai shi Maraɗi aka dawo da shi. Likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsunsa da hankalinsa, kada a bar shi yana kallon rufin ɗaki.

Ni malamar lissafi ce a kwaleji, kuma a lokacin ina ɗan koyon haɗa wasanni da wata ƙaramar manhaja ta 'yan koyo. Umarni kawai ake jerawa kamar tubali: in an ja yatsa jirgi ya bi, in ya taɓa kifi a ƙara maki. Cikin mako biyu na haɗa wa Baba wasa. Zane kam, Allah ya sani ban iya ba. Ruwan ya fito launin kunu, jirgin kamar ɓawon gyaɗa. Amma tabkinmu na zana, yadda na san shi tun ina ƙarama: kukokin da ke tsaye cikin ruwa, mashigin shanu, har da wani lambu mai shuɗin tano, wato duron ruwa, can gefen gabas, wanda na sa don kawai kada wurin ya zauna fili.

Baba ya karɓi wasan da hannun hagu. Kwanakin farko ya kama kifi, har Inna ta ce ta ga ya yi murmushi. Daga nan sai ya canza. Da an buɗe masa, sai ya ƙyale kifin, ya ja jirgi har ƙarshen gabas, ya danne yatsa a wurin, ya zuba mini ido. Ni kuwa maki nake kallo, ina ganin sifili. Sai in kama yatsansa in mayar tsakiyar ruwa, in ce, "Baba, ga kifin nan." Ya sake komawa. A raina na ce ko dai wasan ne da matsala, ko ciwon ya fara taɓa masa hankali.

Ana haka yayana ya zo daga Yamai. Shi haɗa wasanni ne sana'arsa, da wata babbar manhaja yake aiki, irin wadda manyan kamfanoni ke zuba wa dukiya. Da ya ga wasana sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Haba ƙanwata, wanga ne wasan? Abin yara ne wanga. Ko shekara goma kinka yi kina jera tubalinki, ba ki kamo ƙafar tamu."

"Ai shina bugawa," na ce.

"Shina bugawa? Ba ki ga har jirgin hita hanya yake ba? Bari ki ga aiki."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ma ai Baba mahaifinsa ne. Ya zauna kwana goma gaban babbar na'urarsa, ya fito da abin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ruwa shuɗi garau, rana tana ƙyalli a kansa, igiyar ruwa tana kaɗa jirgi, ga itatuwan kwakwa can nesa. Ya kuma gyara abin da muka ɗauka kuskure ne: in jirgi ya nufi gaɓa, sai ya juyo da kansa wajen kifi. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo a babbar wayarsa suna salati. Kunya ta rufe ni. Ba wanda ya sa ni, da hannuna na goge wasana daga salular Baba.

Aka ɗora wa Baba sabon wasa a cinya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja jirgi gabas. Jirgi ya juyo. Ya sake ja, ya juyo. A karo na uku sai ya ture wayar, ya mayar da fuskarsa jikin bango. Kwana uku ko fura ba ya sha sai an matsa masa, hawaye kuma suna gangarowa ta gefen da bai shanye ba.

Rana ta huɗu da hantsi Inna ta same ni a tsakar gida, ta ce, "Ke, maido mishi da mummunan nan naki."

Allah ya sa ina da shi a na'urata. Na mayar, na kai masa. Inna ba ta taɓa tsayawa ta kalli wasan ba, amma ranar ta zauna kusa da shi. Yatsan Baba ya ratsa tsakanin kukoki, ya wuce mashigin shanu, ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"Wanga shuɗin abu mine ne?" in ji Inna.

"Tano ne," na ce, "na lambun Baffa."

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa. Baffa ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sun fi shekara goma ba sa ga-maciji saboda iyakar wannan lambun, ko a filin idi kowa ɓangarensa daban. A gidanmu ba a ambatonsa, har na saba ganin lambun ba tare da tuna mai shi ba.

Inna ta sunkuya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam, ɗan'uwanka kake so a kira ma?"

Baba ya lumshe ido, ya gyaɗa kai, yatsansa yana nan danne a kan tanon.

Yayana ya tashi ya hau babur ya fita. Bayan la'asar sai ga shi da Baffa, ƙafafunsa duk taɓon lambu, ko wankewa bai tsaya yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, can ya ce, "Yaya, ga ni." Baba ya miƙa hannun hagu ya damƙi rigarsa. Baffa ya durƙusa yana kuka yana cewa, "Na yahe, kai ma ka yahe mini don Allah." Muka fita muka bar musu ɗakin.

Baba bai kai ga damina ba. Baffa ne yake riƙe da hannunsa lokacin da ya cika, shi ne kuma ya yi masa wanka. Bayan addu'ar bakwai, yayana yana ɗaure jakarsa ya ce mini, "Manhajata ta hi taki komi da komi, amma ba ta san tabkinmu ba."

Yanzu ɗalibaina sukan tambaye ni ko ƙaramar manhaja za ta taɓa kamo manya. Gaskiya nake faɗa musu: wajen kyan hoto da ƙarfin aiki, ban ga ranar ba. Amma ina ƙara musu da cewa su zana abin da suka sani, kuma kada dariyar wani ta sa su goge shi. Ni kuwa darasina ya fi wannan ciwo. Kwanaki da yawa mahaifina yana yi mini magana da yatsa ɗaya da ya rage masa, ni ina kama yatsan ina mayar da shi wajen kifi. Tun daga ranar, in na ga mutum ya bar hanyar da na shata masa, ba na jan hannunsa sai na fara duba inda yake son zuwa.