Yayata Mai Gaba da Roba

Yayata da roba ba sa ga-maciji. Ko cokalin roba ka shiga da shi gidanta, da abinka za ka fito. A wurin aiki Anti Gilashi suke ce mata. Shekararta goma sha tara a ɗakin gwaje-gwaje, tana duba madarar kwali da ta leda, ko sinadarin da ke sa roba laushi ya zame ya shiga ciki.

Na sha zama ina kallonta ta taga. Sai ta zuba madara a kwalba, ta ƙara ruwan magani, ta girgiza, ta sa a injin juyi har kitse ya ware, sannan ta zuƙi ruwan sama da sirinjin gilashi ta ba na'ura. Na'urar ta ja layi a kwamfuta, in akwai sinadarin sai layin ya yi tsalle. Kowane gwaji kuma tana haɗawa da kwalba ɗaya da ba madara a ciki, wadda take kira shaida. In layin shaida ya kwanta, aikinta da tsabta. Da wannan take yi mana fankama, ita da ko turare ba ta sawa tun rasuwar mijinta.

Ran nan aka kawo madarar wani ƙaramin kamfani, layi ya yi tsalle har sama. Shugabanta ya ce ta sa hannu a rufe su. Ita kuwa ta lura layin shaida ma ya ɗan ɗaga kai.

"Yallaɓai, a ba ni kwana biyu," in ji ta. "Mutum arba'in ke cin abinci a kamfanin nan. In daga wurinmu dattin yake fa?"

Nan fa ta haukace da bincike. Ta sake gasa kwalabe a wuta don ƙone datti, ta canja ruwan magani, ta zargi sabulu, ta zargi labule. Shaida dai na nan da ɗan tsallenta. Ta zo gidana a hargitse tana ba ni labari tana yarfa hannu, sai wani ƙamshi ya buge ni.

Na ce, "Yaya, wannan ƙamshin fa?"

Ta tsaya cak. Ta shinshina hannunta, ta rufe fuska, ta ce, "Na shiga uku!"

Ashe injiniyan da ke zuwa gyaran na'urar, wani dattijo mai sanƙo da yawan kunya, shi ya ba ta man shafawa. Yayata, mai shekara hamsin, kullum da safe sai ta lakaci man nan a ɓoye, sannan ta je ta kama murafen kwalabe da hannu. Irin wannan man kuwa yakan zo da ɗan'uwan sinadarin da take farauta. Na yi dariya har na faɗo daga kujera, ita ma ta kasa riƙewa, muka yi ta yi har da hawaye.

Washegari ta wanke hannu har gwiwa, ta sake gwajin tun daga farko. Shaida ta kwanta, madara ma ta kwanta. Kamfani ya tsira. A rahotonta ba ta ɓoye ba, ta rubuta cewa dattin daga hannunta ne. Ta gaya min kunya ta kusa kashe ta, amma daɗi ya fi yawa.

Tana fitowa daga ofishin shugaba ta yi kiciɓis da injiniyan a baranda, riƙe da jakar kayan aikinsa.

Ta ɗaure fuska ta ce, "Malam, manka ya kusa rufe kamfani guda."

Ya ajiye jakar a hankali, bakinsa har kunne. Ya ce, "Au, ashe kina shafawa?"