Gefen da Inna Ba Ta Gani

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Dokta Nuhu, Allah ya jiƙansa, kuma bari in fara da tona wa kaina asiri: har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa faɗin aikinsa daidai ba. Duk wanda ya tambaye ni a kasuwar Buji sai in gyara zaman hula in ce likitan ido ne. Ta dalilina tsofaffi masu yanar ido suka riƙa cika zauren gidanmu duk Sallar da ya zo gida, shi kuma ya fito yana ba su haƙuri yana harara ta. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Don haka mai karatu ya yi mini uzuri in ya ga rubutun yana ɗingishi.

Ya sha gaya mini cewa shi ba ruwansa da ciwon ido. Ido, in ji shi, ɗauko kaya kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke zaɓar abin da za ta karɓa, sauran ta bar shi a ƙofa. Abin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai ke nan: me ya sa mutum zai kalli abu da lafiyayyen ido, amma bai gan shi ba. A kan wannan ya je Turai, a kansa ya dawo yana koyarwa a jami'a. Ni kuwa nakan ce masa, duk wannan karatun ka ƙare a kallon masu kallo? Sai ya yi murmushi ya ci gaba da cin tuwonsa.

Sau ɗaya na taɓa yi masa amfani. Ya kawo wata na'ura Dutse mai bin ƙwayar idon mutum duk inda ta juya, ya sa aka ɗauko masa mutanen ƙauyenmu su zauna gabanta. To mutanenmu ba sa kallon babban mutum ido cikin ido. Kowa ya zauna ya ga Dokta tsaye sai ya sunkuyar da kai, na'ura ta wuni tana bin idanun da ke kallon tabarma. Da ya gaji ya fita, ya ce ni in tsaya a madadinsa, tunda duk ƙasar Buji babu mai jin nauyina. Nan take kowa ya ɗago kai, aiki ya tafi. Gudunmawata ga ilimin boko ke nan, daga ita ban ƙara ba.

Amma ba don na'ura na ɗauki biro ba. Maganar mahaifiyarmu ce, Inna.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona kai tsaye ba. In za ta ambace ni sai ta ce "wannan". Ni ma haka na tashi: gaisuwata daga bakin ƙofar ɗakinta take, in durƙusa, in sunkuya, ta amsa tana kallon bango, in tashi. Ƙannena su hau gadonta su yi hira, ni iyakata dokin ƙofa. Ban taɓa jin haushin haka ba, domin a amsawar nan tata nake gane lafiya muke.

Akwai wata ɗorawa a gonarmu da take ɗiban kalwarta tana daddawa tun tana amarya. Ta aiko a gaya mini kada in taɓa ta. Ni kuma na ga inuwarta na cinye mini gero, na ɗauki gatari. A makon nan Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Aka kai ta asibiti a Jahun, aka dawo da ita, aka kwantar a gadonta. Babu wanda ya ce mini kai ka jawo, amma na ga yadda mata ke yin shiru in na shigo.

Daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwata. In durƙusa a ƙofa in yi sallama, sai ta juya kai can wajen bango, ta ɗan dudduba, ta yi shiru. Ƙanwata Ladidi da ke jinyarta, wadda ke zama a lungun da ke tsakanin gado da bango, da ita ake hira har da dariya. Wata rana Ladidi ta ja ni gefe ta ce Inna na cewa, "Wannan ya daina zuwa." Alhali kullum ina ƙofa. Muka fassara ta yadda duk Bahaushe zai fassara: ta cire ni daga cikin 'ya'yanta, zuwana da rashinsa ɗaya ne.

Wanda bai taɓa kwana da fushin uwa a kansa ba, ba zai gane ba. Ni da ake kora daga majalisa saboda tsokana, na koma ba na iya haɗiye fura. Na tura liman ya roƙar mini gafara, ta ce masa ita ba ta riƙe kowa ba, muka ce ai wannan ya fi zagi ciwo. Jikinta kullum baya yake yi, ni kuma abin da ke raina ɗaya ne: kada ta tafi ba ta sa mini albarka ba.

Nuhu yana Turai lokacin, sai da rani ya yi nisa ya samu zuwa. Ya zauna a ɗakin yana ta kallo, irin kallon nan nasa da nake yi wa dariya. Aka kawo mata tuwo. Ta cinye rabin kwanon tas, kamar an ja layi da wuƙa, ta bar ɗaya rabin, ta ce ba ta ƙoshi ba. Ladidi ta ce kullum haka take yi, har an karɓo rubutu saboda ana zaton sammu ne. Nuhu ya miƙa hannu ya juya kwanon kawai. Inna ta duba ta ce, "Madalla, an ƙaro."

Sai ya waiwayo ƙofa inda nake durƙushe.

"Yaya, taso ka zagayo nan, wajen Ladidi."

Na ce, "Kai Dokta, Turai ta cinye maka kunya? Ni in shiga har kan gadon Inna?"

Ya ce, "Kai da ka rataye takalman liman a kan tsamiya ranar Juma'a, yau kake neman kunya? Ba fushi take da kai ba. Ciwon ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, duk abin da ke hagunta ya fita daga duniyarta, har rabin tuwonta. Kai kuma ka je ka dasa kanka a hagun. Taso."

Na tashi, na ratsa ɗakin da rabona da tsakiyarsa tun kafin a yi mini kaciya. Na durƙusa ta dama. Inna ta kalle ni, kallo na sosai, irin wanda ban taɓa samu ba. Sannan ta tuna ko ni wane ne, ta kawar da kai, ta ce da Ladidi, "Ashe wannan yana gari? Ina jin muryarsa, in duba babu kowa, na ce ko ɗorawar ce ta sa yake gaisuwa daga waje ya gudu. A gaya masa itace ne. Allah ya yi masa albarka."

Gemuna da furfura na yi kuka a gaban mata. Nuhu ya gaya mana gaskiya cewa shi ba shi da maganin abin. Ya dai sa muka juya gadon, ƙofa ta koma damanta. Daga nan har Allah ya karɓi abarsa bayan girbi, ban ƙara yin sallama ta faɗi ƙasa ba.

Yanzu in na shiga Dutse nakan tsaya bakin titi in ga mai Keke Napep yana tuƙi, ido a hanya, hankali a waya, sai in ce da Dokta na nan da ya samu abin kallo har ya gaji. Ko kuma da ya yi shiru, don a ƙarshen rayuwarsa shirun ya fi yawa. Ya gaji da bayani. Na ji an ce na'urar tana wani sito an ɗora mata kujeru, ɗalibansa kuma kowa ya kama gabansa. Rubuce-rubucensa na Turanci suna nan a wajen iyalinsa, ni ko sunansa a jiki sai an nuna mini. Ni ma yanzu yanar ido ta fara rufe mini na dama, kuma babu wanda zan yi wa ƙarya in ce ƙanena zai duba ni.

Abin da na san ya rage shi ne wannan. Bara na je duba wani maƙwabci da irin ciwon Inna ya kama, na ga matarsa ta jira ya cinye rabi, ta juya kwano, ta kuma ce da masu dubiya su zagayo ta dama. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce haka ake yi, ai kowa ya sani. Ba ta san sunan Nuhu ba. Na buɗe baki zan gaya mata, sai na rasa me zan ce aikinsa. Ban sani ba ko wannan ya isa ladan shekara talatin na mutum. Wata rana in ga ya isa, wata rana in ga an cuce shi, kuma da ni a cikin masu cutar.

Ganina da shi na ƙarshe a tashar Dutse ne, na rako shi zai koma bakin aiki, ciwon da ya tafi da shi ya riga ya fara rage masa jiki. Don a ba shi gidan gaba, na ce da direba ya yi hattara, babban likitan ido ya ɗauko. Nuhu bai harare ni ba wannan karon. Ya shiga ya zauna, ya kwantar da kai a jikin kujera, ya yi wata 'yar dariya marar ƙarfi. Kwandasta ya fara buga mota. Abin da Nuhu ya ce mini ta taga shi ne:

"Yaya, ni ma fa tun da na tafi makaranta a hagunku nake durƙushe. Yaushe za ku juyo da gadon?"