Yarinyar da Ba Ta San Goma Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da muka yi wa 'yan ajin share fage gwajin shiga aji ɗaya ba, a wata firamare da ke ƙauyen Baure. Shekarata ta biyu ke nan da kama aiki, kuma ni ce malamar ajin.

Ga wanda bai san tsarin ba, a ƙarshen zango na uku hedimasta yakan kira yaran ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙirga zuwa ashirin ya wuce, wanda ya kasa ya maimaita shekara. Yawancinsu sun rera ƙirgan kamar waƙa, wasu har ɗari.

Da aka zo kan Hafsatu, 'yar shekara biyar, marainiya da ke hannun kakarta, sai ta fara a nutse, har ta kai: "Bakwai, takwas, tara, sunan Malam, sha ɗaya."

Hedimastanmu, Malam Lawal, ya ce ta sake. Ta sake, ba ta canza komai ba. Ya ɗauki biro ya ce, "Malama, wannan ba ta riƙe karatu. Sai baɗi."

Kunya ta kama ni. A aji tare suke rerawa, ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Amma abin ya tsaya mini a rai: mai mantuwa yau nan zai ɓata, gobe can. Ita kuwa wuri ɗaya take sauya kalma, kuma ba ta ko inda-inda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Bayan la'asar na je gidansu. Na tarar da kakar, Iya Dije, tana jera ƙwan zabi a ƙwarya. Da na faɗa mata abin da ya faru, sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"'Yar nan, ai laifina ne. Marigayi maigidana shi ne na cikon hannu biyu a ɗakinsu, da lambar ake kiransa. Tun ina amarya ban taɓa kama sunan ba, ko a ƙirga, sai dai in ce sunan Malam. Ita kuma kullum tare muke ƙirga ƙwan nan."

Sai a lokacin na gane. Sunan mijinta Goma.

Washegari na zo da ƙwallayen dabino cike da gwangwani, na zube a teburin hedimasta. Na ce wa Hafsatu ta ba ni goma. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Na ce, "To, ba ni sunan Malam." Ta riƙa jawo su ɗaya-ɗaya tana ware wanda ta ƙirga gefe, ta tsaya cif a kan goma. Na ɓoye uku a tafin hannuna, na tambaye ta saura nawa. Ba ta sake taɓa su ba, ta ɗan motsa leɓe ta ce bakwai.

Malam Lawal ya gyara zama. Ya ce a kira masa yara biyar cikin masu kaiwa ɗari. Biyu ne suka iya ba shi goma daidai. Biyu suka damƙo da hannu kawai, ɗaya kuma bakinsa ya riga yatsansa gudu, yana cewa goma alhali shida ya taɓa.

Hedimasta ya ce, "Ashe waƙa muke gwadawa." Ya soke abin da ya rubuta jiya. Tun daga shekarar, ba a sake gwaji a makarantar ba tare da gwangwanin dabino ba.

Hafsatu ta koyi kalmar cikin mako guda, amma ta ce a makaranta kawai za ta faɗa, don kada Iya ta ji.

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, ku sani kan yaro yana riƙe duk abin da aka zuba masa, daidai yadda aka zuba. Haddar suna daban, sanin yawan abu daban. Idan yaro ya yi kuskure iri ɗaya sau biyu, kafin ku ɗauki jan biro, ku tambaya wa ya koya masa.