Kawu Sale da Shingen Hanyar Jidda

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka yi wa Kawu Sale salla a Harami muka kai shi makwancinsa. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a unguwar Jarwal ta Makka bayan rasuwar mahaifina. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna. Na ɗauki alƙalami ne don in tuna shi, kuma don akwai aiken da ya yi mini wanda har yau ban isar ba.

Kawu ta Sudan ya shigo Makka, kamar yawancin iyayenmu. A Bur Sudan ya yi shekaru yana share wa Turawa filin wasa kafin Allah ya ba shi ikon tsallakowa. A can ya koyi zari-ruga, ƙwallon nan mai siffar gwanda da ake runguma a ruga da ita. Ya ƙetaro teku da guda ɗaya a ƙasan buhun kayansa, duk ta sha faci. A farkon shekarun sittin ya tara mu samarin unguwa a wani fili bayan unguwar Zahir, inda tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Masu wucewa sukan tsaya suna dariya, wai Takari, sunan da suke kiran mu mutanen ƙasar Hausa, sun haukace, suna kokawa a kan kankana. Sai Kawu ya ce, "Ku ƙyale su, ai kankanar tamu ce."

Sau ɗaya a shekara, bayan alhazai sun watse, mukan hau bayan babbar mota mu je Jidda mu kara da ma'aikatan tashar jiragen ruwa, mutum bakwai-bakwai. Wasan da muke da shi ke nan, kuma shekara guda ake yi ana zancensa a bakin shagon mai shayi. Mun kai ashirin a fili, bakwai kawai za su shiga.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai shi ne Kawu ba a fili yake zaɓe ba. Lokacin aikin hajji yawancinmu ɗaukar shibriyya muke yi, wato gadon katakon da mutum huɗu ke ɗorawa a ka su yi wa tsoho ko marar lafiya ɗawafi. A kwanakin da cunkoso ya fi tsanani sai Kawu ya nemi wuri mai tudu ya tsaya da carbinsa. Mu a zatonmu zikiri kawai yake yi. Ashe har da mu yake kallo.

A wata shekara ni ne na fi kowa gudu, kuma na sani, bakina ma bai bar kowa ya manta ba. Na sa rai a kan matsayin mai tsaron baya, wanda ke tsayawa shi kaɗai ya cafe ƙwallo in an cillo ta sama. Da Kawu ya kira sunaye sai na ji ya ba Habu. Habu mutumin Damagaram ne, abokin ɗaukata a shibriyya, mai nauyin jiki, wanda ko akuya ba zai iya kamawa ba. Na bi Kawu har gida ina huci.

"Zauna, Idi," in ji shi. "Ranar sha biyu ga wata, da jama'a suka turo ku kusa da kusurwar Ka'aba, wa ya saki katako ya kare fuskarsa?"

Na zauna, shi kuma ya ci gaba.

"Tsohuwar da kuka ɗauko ta karkata, na gani. Habu ya karɓi nauyinka a wuyansa, bai sauya taku ba, addu'ar da yake ja mata ma bai yanke ba. Gudu Allah ya ba ka, ɗana. Tsayuwa kuma shi aka ba."

Da ina da hankali da na gode. Maimakon haka, ana jibi tafiya na sami Habu na ce masa na ji an kafa shinge a hanyar Jidda, ana duba takardu. Na san Habu ba shi da igama, wato takardar izinin zama, hajji ya zo ya zauna kamar mutane da yawa, yana da mata da jaririya. Babu wani shinge. Ni na ƙirƙira shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Idi, ka rufa mini asiri." Ranar tafiya bai fito ba, Kawu ya dube ni ya ce in shiga wurinsa.

Wasan ya yi zafi, muna gaba da ɗan kaɗan har kusan tashi. Sai mutanen Jidda suka cillo ƙwallo sama. Tana saukowa, ƙattai uku suka nufo ni, ƙasa na girgiza. Na ɗauke ido daga kanta na dube su, hannuna ya tafi fuskata. Ta daki kafaɗata ta faɗi, suka ɗauka suka wuce, suka cinye mu. A hanyar dawowa Kawu ya ɓare lemo ya miƙo mini rabi.

Shekara ta zagayo ya sake zaɓata, amma a gefe, inda aikin kawai a ba ka ka ruga. A can na yi suna. Bai taɓa jefar da mutum don ya gaza a wuri guda ba, sai dai ya nema masa inda zai iya.

Yau jikokina, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, suna nuna mini manyan wasanni a waya. Sun ce yanzu da na'ura ake auna gudun ɗan wasa da bugun zuciyarsa kafin a zaɓe shi. Nakan yi tunanin me Kawu zai ce. Ina jin zai yaba, don mutum ne mai son sabon abu, sannan ya tambaya ko an auna yaron a ranar da tsoro ya kama shi kuma ran wani na kansa. Shibriyya ma ta tafi, kekuna suka gaje ta, an huta da ciwon wuya. Ban san inda zai tsaya ya yi kallonsa ba yanzu, amma na tabbata da ya samo.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na iya buɗe baki na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wallahi tun a bayan mota na sani. Shingen da ya tare mutum ɗaya tak a duk Makka? Na sa ka ne ka gani da idonka. Amma ba ni ka cuta ba. Yalla, tashi ka nemi Habu."

Na ce to. A lokacin Habu yana nan Zahir yana sayar da gasasshen nama, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Na ce sai bayan makoki. Na ce sai bayan hajji. Sau biyu ina zuwa har gaban tukubarsa, ya yanka mini nama ya ƙi karɓar komai, ya gaya wa mutane wannan ne ya taɓa cetonsa, sai in karɓi naman in juya gida. Wata shekara na je aka ce ya kwashe iyalinsa ya koma gida Damagaram.

Kawu bai bar gida ba, bai bar shago ba, filin ma benaye sun cinye shi. Abin da ya bari shi ne idon da ya koya mana. Na yi shekaru ina shugabantar direbobin da ke kai alhazai Arfa, kuma ban taɓa ba mutum motar tsofaffi don iya tuƙinsa kawai ba, sai na ga yadda yake in hanya ta cushe rana ta take. Da wannan ido na san kaina ma, na san ni mai kare fuska ne. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa.

Saura aikensa. Habu, in kana raye, ko ke jaririyar nan da yanzu kin yi jikoki, in wani ya karanta muku wannan: ran nan hanyar Jidda a buɗe take tun daga Makka har bakin teku. Wurin naka ne, Kawu kai ya zaɓa, kuma da kai ne a ƙarƙashin ƙwallon nan da ka cafe. Ka daina yi mini godiya. Ka yafe mini.