Mai Kwalba da Ƙofar da Ya Ƙi Buɗewa

Kullum ƙarfe bakwai Mai Kwalba yana bakin tafki na uku, inda ƙazamin ruwan garin nan ke gama kwanciya kafin a sake shi cikin kogi. Zai ɗebo a kwalba, ya ɗaga ta ya duba, ya sunsuna, sannan ya kai ɗakin gwaji. Shekara talatin da ɗaya ke nan, hancinsa bai taɓa saɓa wa na'ura ba.

Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne manajan hukumar ruwa. Ga ofis mai sanyi, ga kujera mai juyawa, amma kishin ƙanen nan yana cin sa kamar gara. Ko atamfa ya kai wa tsohuwarsu, sai ta ce, "Allah ya yi albarka. Ɗan'uwanka ya ci abinci kuwa?"

"Inna, mai wanke kashin gari ne fa."

"Ni ma na wanke naka, ban ga ka raina ni ba."

Shekarar da aka kwana uku ana ruwa, tafkunan suka cika maƙil. Manaja ya aiko da takarda a buɗe ƙofar tafki a saki ruwan ɗanyensa cikin kogi. Mai Kwalba ya karanta, ya ninke, ya haye kan ƙarfen da ake murɗawa ya zauna.

Da yayan ya iso, ya ce masa, "Yaya, ƙauye huɗu ke shan kogin nan a ƙasa. Ka ba ni zuwa la'asar."

Ya tara leburori suka haƙa hanya zuwa wani tsohon kududdufi, ruwan ya bi can. Da takardar yabo ta zo daga sama, sunan manaja ne a jiki. Manaja ya rataye ta a bangon ofishinsa.

Makon jiya aka yi taron ritayar Mai Kwalba a harabar ofis. Ana cikin jawabai sai ga masunta da kwandon kifi. Dattijonsu ya ce, "Mun zo ganin wanda ya hana a sako mana ƙazanta shekarar ambaliya. Jikokina sun sha kogin nan ranar."

Ido ya koma kan manaja, tunda kowa ya san takardar bango. Gyaɗa kai kawai zai yi, shi ke nan. Kishi ya taso masa. Ya hango ƙanen a gefe yana wasa da hula, ya kuma san ko za a shekara ba zai tona ba. Wannan ma ya fi komai ƙona masa rai.

"Ni na ce a buɗe," in ji manaja. "Ga wanda ya ƙi."

Mai Kwalba, kai ne katangar da na ƙasa suka jingina da ita ba su san fuskarta ba. Kai ne ka sha wari don wasu su sha ruwa. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, in takarda ta zo da abin da hancinku bai yarda da shi ba, ku tuna akwai wanda ya zauna a kan ƙarfe.

Jinjinar nan ma yayan ne ya sa a rubuta, ya ce kada a faɗa cewa shi ne. Da aka karanta wa yayan, sai ya tsuke baki ya ce ta yi tsawo. Aka ce to wane layi za a cire? Ya daɗe yana duba takardar, sannan ya ce a bar ta haka.