Takardun da Na Kasa Ƙonawa

Wai mace tana kishi da takarda? Na tsufa da tambayar nan ban sami amsa ba. Jikata ce ke rubutawa, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Zamanin da arzikin fetur ya buɗe a gida, gwamnati ta turo mijina Malam karatu Landan, ya taho da ni. Muka kama hayar flat, wato sashe a gidan bene, a unguwar Camberwell. Samanmu akwai wani dattijo da ya gudo daga Kudancin Amurka, yana rubuta littafi da Sifaniyanci kan 'yan fataucin hodar iblis da 'yan siyasar da suka sa aka harbe ɗansa. Labari ne ya ce, amma sunayen na gaske ne.

Malam ya koyi harshensa, ya shiga juya littafin zuwa Hausa. Kullum bayan la'asar suna falo, su yi ta dariya, ranar nan har na ga Malam yana share hawaye. Mutumin da bai yi kuka a gabana ba ranar da muka binne ɗanmu na fari. Ni nawa kai shayi. Na ce ko in kawo muku tabarma ku kwana? Malam ya ce, "Hajiya, ba za ki gane ba."

Wata Laraba suna waje, na ɗauki makullin da dattijon ya ba mu ajiya, na shiga ɗakinsa na kwashe takardun duka. Na kunna murhu, sai hannuna ya ƙi. An hore mu ba a ƙona rubutu, ba a san inda sunan Allah yake ba. Sai na miƙa su ga wasu mutum biyu masu fara'a da ke yawan tare ni a titin Old Kent Road, wai 'yan'uwan dattijon ne. Na nuna musu ƙofarsa.

Bayan kwana huɗu aka tsinci gawarsa a kan bene. Ashe waɗanda ya tona wa asiri ne suka turo su. Na yi shekara uku a gidan yari kan hannuna a kisan, kuma na cancanta.

'Yan mata, abin da ba ku gane ba, ku buɗe baki ku roƙa a nuna muku. Girman kai ne ya hana ni.

Malam bai sake ni ba, bai kuma sake ɗaga maganar ba. Sai a gadon asibiti, ya riƙe yatsuna ya ce, "Hajiya, laifin da nawa. Da na zaunar da ke na karanta miki."